Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Kayan Kwamfuta a Birnin Kebbi

Zuwa ga Alhaji mai shago da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin abin da shagonku na kan titin Ahmadu Bello ya yi mini ya cancanci mutanen garin nan su ji shi, musamman masu niyyar haɗa kwamfutar tebur a gida, waɗanda da yawansu sun riga sun ɗauka cewa ba a samun mai gaskiya a wannan harka sai an tafi Kano ko Legas.

Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma bayan an tashi aiki nakan shirya darussan lissafi na bidiyo domin ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO. Ɗana kuma yana karatu a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, yana buƙatar manhajar AutoCAD domin zane. Tsohuwar kwamfutar gidanmu ta gaji, kuma tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, ya zama dole mu nemi wata. Muka yanke shawarar sayen kayan ɗaiɗai a haɗa, domin duk lokacin da Allah Ya hore a ƙara wani abu ba tare da an zubar da sauran ba.

Kafin in zo wurinku na sha wahalar da ba na yi wa kowa fatanta. A wani shago, da na faɗi buƙatata, sai mai shagon ya nuna mini wani akwati ya ce Core i7 ce, wai babu abin da ya fi ta a duniya. Da ɗana ya tambaye shi ta wane zamani ce, sai ya ɓata rai kamar an zage shi. Daga baya muka gane furosesar Core i7 ɗin, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, ta zubi na huɗu ce, wato ta shekarar 2013, wadda ƙaramar Core i3 ta zubi na 12 ma ta fi ta sauri, kuma Windows 11 ba ta amince da furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas ba. Wato da na biya, da na sayi matsalar da nake gudu ce da kuɗin sabuwa. A wani wurin an rubuta mini jerin kaya da farashinsu a takarda, an haɗa furosesar kamfanin AMD mai zama a soket (mazaunin furosesa) AM5 da RAM (sandunan da ke riƙe aikin da ake kan yi) irin DDR4, alhali kuwa AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, kuma tsagar da ke jikin sandunan DDR4 da DDR5 ba wuri ɗaya take ba, ko da ƙarfi aka danna ba za ta shiga ba. Wanda ya rubuta jerin ko dai bai sani ba, ko kuwa bai damu ba, kuma a ƙasan takardar an rubuta da babban baƙi cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Wani kuma cewa ya yi in tura kuɗin duka tukuna, kaya suna hanya daga Legas, ba rasit, ba ranar isowa.

Da wannan ɗacin rai na shigo shagonku, kuma ba zan ɓoye muku ba, na shigo ne a shirye da a sake raina mini hankali. Matashin da ke zaune a teburin haɗa kaya, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin na lura mai kunya ne, ya tashi ya ba ni kujerarsa, sannan maimakon ya tambaye ni nawa na zo da shi, sai ya ce, "Baba, wane aiki za ku riƙa yi da ita, kuma yaya wutar unguwarku take?" Ya tambayi ko muna da sola ko inbata, ko da ƙaramin janareta muke aiki, da kuma irin ɗakin da za a ajiye ta. A duk yawon da na yi babu wanda ya yi mini ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, kuma daga baya na fahimci a kansu gaba ɗayan zaɓin ya rataya.

Ya ba da shawarar furosesa Ryzen 5 5600G mai ƙwayoyin sarrafawa shida, wadda ke ɗauke da sashen hoto a cikinta, tare da madabod mai B550, wato babban faifan da ake jona sauran kayan a kansa. Ni kuwa na zo da tunanin sai na sayi katin hoto na dabam, domin haka aka yi ta gaya mini. Ga katunan nan a cikin gilashi a bayansa, kuma da ya ce in saya da na saya, amma ya ce bidiyon darasi da zanen da ɗalibi ke yi a matakin da ɗana yake ba su kai ga haka ba, in bar kuɗin, idan aikin ya girma ramin katin yana nan yana jira. Ya kuma gargaɗe mu cewa akwai Ryzen 5 5600 marar harafin G a ƙarshe, haka ma furosesar Intel masu harafin F, waɗanda ba su da sashen hoto, wanda ya saye su ba tare da kati ba zai kunna kwamfuta ya ga allo baƙi ƙirin. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye aibin abin da yake sayar mini ba. Ya faɗa mini ƙarara cewa soket AM4 tun 2016 yake, kuma AM5 da ya fito a 2022 shi ne mai dogon zango, sai dai shi da DDR5 ɗinsa sun fi ƙarfin abin da na tanada. Ya bar ni na zaɓa da idona buɗe. Hatta a kan ma'ajiyar SSD, inda ake adana fayiloli, da na nuna wata mai tsada, cewa ya yi hanyar da wannan furosesa ke musayar bayanai da ma'ajiya ba ta wuce matakin PCIe 3.0 ba, saboda haka ƙarin saurin da zan biya ba zan taɓa ganinsa ba, ya ɗauko mini matsakaiciyar SSD irin NVMe, wadda duk da haka ta ninka tsohon samfurin SATA sauri sau da yawa.

Wuri ɗaya ne kawai ya ƙi sassautawa, shi ne na'urar rarraba wuta ta cikin akwati. Ya ɗauko guda biyu, duka an rubuta 500W a jikinsu, ya ɗora mini ɗaya a kowane hannu. Ɗaya ba ta da nauyi ko kaɗan, ɗayar kuwa da nauyinta, tana ɗauke da tambarin 80 Plus, wanda ya ce ma'anarsa an gwada ta an tabbatar aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja yana kaiwa ga aiki, ba ya tafiya a zafi. Ya ce wanda ya sayi furosesa mai kyau ya haɗa ta da marar nauyin nan kamar mai gini ne da ya kashe kuɗi a kwanon rufi ya yi rowar siminti a harsashi, domin ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, ba ita kaɗai za ta ƙone ba, za ta iya tafiya da madabod da ma'ajiya gaba ɗaya. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda wuta kan tafi ta dawo, wani lokaci ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, saboda haka bai sha wahalar gamsar da ni ba. Ya ƙara da cewa in haɗa da UPS, na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai fitar da tsabtatacciyar wuta, domin wasu na'urorin rarraba wuta na zamani kan ɗauke idan UPS mai araha ya karɓi aiki, kuma in cire filogi daga bango idan hadari ya taso da tsawa a damina. Akwatin ma ya zaɓa mana mai raga a gaba da fankoki biyu, saboda zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe komai, ya ce kada a ajiye shi a ƙasa, kuma a riƙa cire ragar ana kaɗewa.

A gabanmu aka haɗa, babu wanda ya shiga da kayana ɗakin baya. Ya sa ɗana ne ya ɗora furosesar da hannunsa, ya nuna masa ɗan alamar kusurwa uku da ake daidaitawa da ta soket, ya ce a sake ta ta zauna da kanta, domin ƙananan ƙafafunta ba sa jure danni. Sandunan RAM biyu masu 8GB kowanne ya sa su a rami na biyu da na huɗu, ya bayyana cewa biyun sun fi sanda ɗaya mai 16GB amfani, musamman da yake sashen hoton daga RAM ɗin yake cin nasa rabon. Ya shiga BIOS, wato saitin madabod, ya ɗaga saurinsu zuwa 3200 da aka rubuta a kwalinsu, domin idan aka bar su yadda suka zo a ƙasa da haka suke tafiya, ya kunna TPM, sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata, sannan ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo ya nuna mana adadin awannin da ma'ajiyar ta taɓa aiki, domin mu tabbatar sabuwa ce. Sauran aikin, su ɗora Windows da haɗa firinta, ya tafi yadda ya kamata. Rasit ɗin da aka ba ni yana ɗauke da lambar kowane kaya da tsawon garantinsa.

Gwajin gaske ya zo ne bayan mun kai ta gida, lokacin da ta fara tsayawa tana nuna shuɗin allo a tsakiyar aiki. Na dawo da ita gabana yana faɗuwa, ina jiran a ce wutar gidana ce, ko yara ne suka taɓa, kamar yadda aka saba. Matashin nan ya sa mata MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, ya gano ɗaya daga cikin sandunan RAM ne ke da lahani tun daga masana'anta, kuma kai da kanka, Alhaji, ka ce a canza mini duka biyun tunda tare suka zo a kwali ɗaya, ba a karɓi ko sisi ba, har ka ba ni haƙuri a kan wahalar zuwa. Tun daga ranar ba ta sake tsayawa ba.

Abin takaici shi ne a ce irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki har sai an rubuta wasiƙa a kanta. Ba laifi ba ne sayar da kayan hannu, domin da yawanmu su muke iya saye, kuma tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya ta isa yaro ya koyi aiki. Laifin shi ne a goge ta, a sa ta a leda, a rantse cewa sabuwa ce. Masu shaguna da yawa sun mayar da tambayar mai saye ta zama rashin kunya, kuma sun fi ƙarfi a kan dattawa da mata da 'yan ƙauye waɗanda suka san ba za su iya bambance zubi na huɗu da na goma sha biyu ba. Ba a kasuwar kwamfuta kaɗai abin ya tsaya ba, haka yake wajen masu batirin sola da ke liƙa sabuwar takarda a kan tsohon batiri, haka yake wajen masu gyaran waya da ke cire na asali su mayar da jabu, kai har a wasu ofisoshi, inda mutum zai yini a kan benci ba a ce masa ko sannu ba. Iyaye nawa ne suka sayar da buhunan shinkafarsu domin saya wa ɗalibi kwamfuta, ba ta kai ƙarshen zangon karatu ba ta mutu, kuma babu takardar da za su riƙe su koma da ita?

Roƙona gare ka, Alhaji, guda biyu ne. Na farko, ka riƙe yaron nan da kyau, ka kuma haɗa shi da wasu ƙanana su koya a hannunsa. Na biyu, ku riƙa ajiye batirin UPS na canji a shagon, domin na lura shi ne kawai abin da na tambaya aka ce sai an yi oda, kuma da zafin garin nan na san ba da daɗewa ba zan zo nemansa. Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya saka wa iyayen wannan matashi da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Badariya, Birnin Kebbi.