Bakassi a bakin 'yan jaridar waje: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum ƙanena,

A shirin rediyon da aka gayyace ni nan Abuja ka bugo waya ka tambaye ni ko kafafen labaran ƙasashen waje sun goyi bayan Kamaru a rikicinta da Najeriya kan yankin Bakassi. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa yadda ya kamata, shi ya sa na rubuto.

Ban ga sun ɗauki ɓangare a fili ba. Abin da na fi lura da shi shi ne kusan ba su taɓa ambatar wurin ba tare da liƙa masa "mai arzikin mai" ba. Ka duba rahotannin ranar 10 ga Oktoban 2002, lokacin da Kotun Duniya da ke Hague ta ba Kamaru yankin. Mai karatu a Landan ko Paris zai ɗauka ƙasashe biyu ne kawai ke kokawa a kan rijiyar mai. Masuntan Efik da danginsu da suka gaji kamun kifi a wurin kaka da kakanni, sai can ƙasan labari ake tunawa da su. Hujjar da kotu ta dogara da ita ma, wato yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da sanarwar Maroua da shugabannin Najeriya da Kamaru na lokacin, Gowon da Ahidjo, suka sa wa hannu a 1975, ba kasafai ake warware ta ba, don ba ta da daɗin kanun labari.

Daga 2006 sai salo ya sauya. Obasanjo da takwaransa na Kamaru Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ta aiwatar da hukuncin a gaban Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, a Agustan 2008 kuma aka kammala miƙa yankin a wani biki a Kalaba. Nan take Bakassi ta koma abin buga misali: ga Afirka ta sasanta kanta ba tare da yaƙi ba. To, ban ƙi ba, hana zubar da jini ba ƙaramin abu ba ne. Amma a 2007 Majalisar Dattawan Najeriya ta ce ba da yawunta aka yi ba, mutanen da suka taso daga gidajensu kuma suka zube a sansanoni a jihar Kuros Riba. Wannan bai dace da labarin nasara ba, sai aka taɓa shi sama-sama. Da wa'adin neman sake duba hukuncin ya cika a 2012, gwamnatin Jonathan ba ta koma kotu ba, daga nan labarin ya lafa.

Ga wanda ya fi damuna, mu da muke Arewa. Shari'ar da Kamaru ta shigar a 1994 ba ta tsaya a Bakassi ba, ta ɗauko iyakar tun daga Tafkin Chadi har teku. Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda Hausawa da Barebari masunta da 'yan kasuwar kifin banda suka bi ruwan tafkin yana janyewa suka kafa gari, an miƙa su ga Kamaru a Disambar 2003, tun kafin Bakassi. Babu mai a labarin, babu kamfanonin Turawa a kusa, saboda haka ba su samu ko rabin kulawar ba. Kuma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Jaridunmu na gida da yawa abin da kamfanonin dillancin labaran waje suka aiko suke kwafa, har da "mai arzikin man".

In kana son gwadawa da kanka, buɗe tsofaffin rahotannin 2002 da 2008 a intanet, ka ga a sakin layi na nawa aka fara jin muryar mazaunin wurin. Sannan ka nemi Darak, ka ga abin da zai fito.

Wassalam,
Yayanka a Abuja