Barka da Kirsimeti daga birnin Yok

Yok, Ingila
25 ga Disamba

Inna da Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Barkanmu da ganin wannan rana, Allah ya maimaita mana. Ina nan ƙalau, sai sanyi da kewarku.

Yanzu ƙarfe huɗu ne na yamma, amma rana ta riga ta faɗi, an kunna fitilun titi. Ku kuwa na san biyar ce a wurinku, yara na can suna zaga gidaje da sababbin kaya, Auta ya gama bule takalminsa da ƙurar hunturu. Da muka yi waya da safe layin ya yi ta yankewa, ba abin da nake ji sai hayaniyar tsakar gida da muryar Goggo tana cigiyar ludayinta. Ina ajiye wayar na zauna bakin gado na sha kukana. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Inna, wainarki ce ta tashe ni yau. Tun asuba idona biyu, hancina yana neman ƙamshin man gyaɗa a kan tanda. Na tuna yadda kike jiƙa shinkafa tun safiyar jajibere, a kai niƙa, ƙullun ya kwana a rufe, gari na wayewa ya kumburo har yana ɗaga faifai. Ta farkon nan da gefenta ke ɗan ƙonewa, wadda kike cewa ba a kai wa baƙo, ai tawa ce tun ina 'yar firamare. Wa ya ci ta bana? Na gwada yi a nan. Shinkafa akwai, kabewa ma akwai, amma ƙullun ya ƙi tashi saboda sanyi, duk da na kwantar da shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Tanda babu, a kaskon suya na zuba, ta fito a baje. Miyar taushen kuma ba yakuwa ba daddawa, sai dai sunan miya. Na ci, na gode wa Allah, amma ba ita ba ce.

Abin da ya fi cin raina ma ba ɗanɗanon ba ne, jerin kwanukan nan ne a ƙofar madafa. Wannan na gidan Malam, wancan na gidan Hajiya, na Iya mai ƙosai a ƙara nama, mu yi ta safa har ƙafa ta gaji, kuma ba kwanon da ke dawowa wayam. Da Babbar Sallah su ma su aiko da nasu. A nan kowa ya rufe ƙofarsa da iyalinsa. Na kasa daurewa, na zuba shinkafa da kaza na ƙwanƙwasa wa tsohuwar da ke ƙasan benenmu. Ta yi mamaki ƙwarai, ta riƙe hannuna tana godiya, ta shiga ta fito mini da wani ɗan gashin fulawa mai zaƙi da suke ci a wannan lokaci. Kin ga nawa kwanon ma bai dawo wayam ba.

Sujada kuwa na je, kada Baba ya damu. Da ƙafa na tafi, don ranar Kirsimeti a nan ba bas ba jirgin ƙasa, kantuna duk a kulle, gari tsit. Yok birni ne mai ganuwa da ƙofofi kamar Zazzau, sai dai tasu ta dutse ce, har ana hawa a yi yawo a kanta. Na shiga ta ƙofar da suke kira Bootham Bar, raina yana raya mini Ƙofar Doka, sai ga babbar majami'ar a gabana, wadda suke ce wa Minster. Ƙararrawa na tashi har cikin ƙirjina nake jin ta.

Baba, ginin nan da ka gan shi da ka wuni kana ɗaga kai. An fara shi wajen 1220, ba a gama ba sai 1472. Shekara 250 ke nan, wanda ya haƙa harsashi bai ga rufi ba, jikansa ma bai gani ba. Tun kafin wannan akwai majami'a a garin, don a 627 aka yi wa wani sarki mai suna Edwin baftisma a wata 'yar majami'ar katako. A ƙarƙashin ginin kuma akwai kufan barikin sojan Roma, kuma a garin nan ne soja suka naɗa Konstantin sarkin Roma a 306, ga mutum-mutuminsa zaune a waje. Rufin ciki shi ya fi kama ni. Ginshiƙai sun miƙe sama sun rarrabu sun haɗe, sak bakan gizo da ɗaurin guga irin na Babban Gwani a tsohon masallacin Juma'a na cikin birni, wanda ka taɓa ba mu labari. Bambancin dai tsawo ne, mutum a ƙasa sai ya ga kansa kamar tururuwa.

Can gabas, bayan bagadi, akwai wata taga ta gilashi mai launi-launi, faɗinta ya kai filin wasan tanis. Wani gwani mai suna John Thornton ne ya jagoranci aikinta daga 1405 zuwa 1408. An zana labarin Farawa a sama, na Wahayin Yahaya a ƙasa, farkon duniya da ƙarshenta a taga guda. A lokacin yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai su karanta a jikin gilashi. Na tuna Kaka, da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba amma ba labarin annabin da ba ta sani ba. Da ta tsaya gabanta da ta karanta mana ita tiryan-tiryan.

Mutane sun cika yau, ba laifi. Mawaƙan yara ne maza da mata da manyan maza a bayansu, cikin dogayen riguna, muryarsu siririya tana hawa rufin nan tana dawowa, ga abin busar nan ogan mai bututu fiye da 5,000. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Wata waƙa da aka ɗauko, karinta ɗaya da wadda muke yi a gida, sai na bi ta da Hausa a hankali ni kaɗai. Amma Inna, ba tulu ba kacau-kacau, ba guɗa. Ba wanda ya taka rawa zuwa baiko. Na yi ta jiran inda zumuntar mata za su miƙe da ankonsu, har aka sa albarka aka tashi. Kowa ya ɗaura mayafin wuyansa, aka yi musabaha da limami a bakin ƙofa, cikin minti goma fili ya watse.

Akwai abin da na daɗe ina so in faɗa wa Baba. Kusa da majami'ar akwai farfajiyar masassaƙan dutse, kullum in zan wuce ranar aiki sai in gan su da guduma da kurfi. Ashe dutse ma yana cinyewa, ruwa da iska na gugar sa, sai a cire wanda ya lalace a sassaƙa sabo a mayar. Aikin ba ya ƙarewa. A 1984 gobara ta cinye rufin ɓangaren kudu, gilashin tagar da ke wurin ya tsattsage, suka zauna suka gyara shi ɗaya bayan ɗaya, shekara huɗu ana aiki. Ni da nake zaton laka ce kaɗai ke son yaɓe! Tun daga nan nake kallon tsohuwar majami'armu ta Wusasa da wani ido. Ginin ƙasa ne na 1929, ko shekara ɗari bai cika ba, amma hannun kakanninmu ne a jikinsa, kuma a cikinsa aka ɗaura aurenku. In an tashi gyara kafin damina, don Allah a sa sunana, zan aiko da abin da ya sawwaƙa.

Ranakun da ba ni da aiki ina leƙa ƙananan majami'un garin, suna da yawa. Wata mai suna Holy Trinity tana ɓoye bayan kantuna, daɓenta ya karkace don tsufa, kujerunta kamar akwatuna masu ƙofa, kowane iyali da nasa. Wata kuma, St Martin, bam ya faɗa mata a 1942 lokacin yaƙin Hitila, aka gyara ɓangare aka bar sauran a buɗe don tunawa. Hasumiyar Minster ma na hau, matakala 275, ina huci na kai sama na juya kudu, wai ko zan hango gida.

A gaishe mini da Kaka, gaisuwa ta musamman, a zauna kusa da kunnenta na dama a karanta mata wannan a hankali. A ce mata rigar sanyin da ta sa aka saƙa mini ita ce a jikina yanzu haka, kuma ban daina addu'ar da ta koya mini ba. A tambaye ta gwiwar, tana shafa man kuwa? Kada a bar ta ta fita da sassafe cikin hunturun nan ko da ta yi rigima. A gai da Goggo, Allah ya sa an ga ludayin. A gai da Kawu da iyalinsa, da Baffa, da mutanen Samaru da na Tudun Wada baki ɗaya. Yaya Babba, na ga hoton jaririyar, hancin Baba ne ba musu, Allah ya raya ta, a gai da mai jego da kyau. Ina gai da Malam da Hajiya, a ce musu na yi kewar naman Sallarsu bana. Iya mai ƙosai, da zumuntar mata, da Baba limami.

Auta, kai kuma na san kai ka cinye wainata ta farko. Na yafe, amma ka riƙe karatu. Wata 'yar Zariya za ta taho nan a watan Fabrairu, zan turo lambarta. Inna, a ba ta ƙaramar tanda ta ƙarfe, da busasshiyar yakuwa, da daddawa a ƙulle sosai cikin leda biyu.

Taku har kullum,
'Yarku