Kada a yanke wa ƙungiyar hoki hukunci tun a watan Nuwamba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yaba wa sashenku na wasanni da ya fara kawo labarin gasar hoki ta kan ƙanƙara, wato NHL ta Amurka da Kanada. Sai dai ina da ƙorafi guda. Da kakar wasa ta fara, sai a ɗauko teburin maki a ce wannan ƙungiya ta mutu, waccan kuma kofi nata ne. Kowace ƙungiya wasanni sama da 80 take bugawa kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, don haka wasa goma ko sha biyu bai isa a yi wa kowa jana'iza ba.

A duba Edmonton Oilers a kakar 2023 zuwa 2024. Wasan farko Vancouver ta lallasa su da ci 8 da 1. Bayan wasanni 12 nasara biyu kacal suka yi, aka doke su sau tara, ɗaya kuma suka faɗi a ƙarin lokaci. Da yake nasara maki biyu ce, faɗuwa a ƙarin lokaci maki ɗaya, maki 5 ke gare su, daidai da San Jose da ke can ƙarshen tebur. Wannan fa ƙungiya ce mai manyan taurari Connor McDavid da Leon Draisaitl.

Ina matsalar take? A raga take, da farko. Ma'aunin mai tsaron gida a hoki shi ne kason harin da ya tare. Matsakaicin gola yana tare kusan 90 cikin 100. Golan Edmonton Jack Campbell, wanda aka ba kwantiragin shekara biyar kan dala miliyan 25, 87.3 ya tare a wasanni biyar, har aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu da ke Bakersfield a farkon Nuwamba. Bambancin zai yi kama da ƙanƙane, amma a yi lissafi. Idan an buga wa gola hari 30 a wasa, mai tare 87 cikin 100 zai sha kusan huɗu, mai tare 90 zai sha uku. Ƙwallo ɗaya ce ta ƙaru a kowane wasa, a gasar da sau da yawa ƙwallo ɗaya ke raba gardama. Ɗaya golan nasu, Stuart Skinner, shi ma a lokacin bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Ba zan ɗora wa masu tsaron gida laifin duka ba. Ƙungiyar ta shiga kakar da sabon tsarin tsaro, inda kowa ke riƙe yankinsa maimakon bin mutum ƙafa da ƙafa, kuma 'yan wasan ba su gama sabawa da shi ba. Sai ka ga mutum biyu sun bi ɗan wasa ɗaya, an bar wani shi kaɗai a bakin raga. Ga kuma 'yan baya da ke matsawa gaba don taya kai hari. Da zarar an ƙwace faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo a wajen shuɗin layin da ke shata yankin kai hari, sai abokan hamayya su taho su biyu a kan mai tsaron baya ɗaya, a miƙa wa na gefe, gola bai gama juyowa ba an riga an zura. Irin wannan hari ko gwanin gola yana shan wuya da shi. McDavid kuma ya ji rauni a wasansu da Winnipeg, ya rasa wasanni biyu.

Abin da tebur ya ɓoye shi ne 'yan Edmonton suna mamaye wasa. A daren 9 ga Nuwamba da San Jose ta ci su 3 da 2, sun kai hari 41, golan San Jose Mackenzie Blackwood ya tare 39. Masu nazarin wasan suna haɗa kason harin ƙungiya da ya shiga raga da kason da golanta ya tare lokacin da ake biyar da biyar, wato kowane ɓangare na da 'yan wasa biyar ban da gola. Jimillar takan zauna kusa da 100 idan kaka ta yi nisa. Ƙungiyar da ke fin abokan hamayya yawan hari amma jimillarta ta faɗi ƙasa sosai, galibi farfaɗowa take yi.

An sallami koci Jay Woodcroft ranar 12 ga Nuwamba, aka kawo Kris Knoblauch, tare da tsohon gwanin baya Paul Coffey don kula da masu tsaro. A ganina Woodcroft ya biya bashin da ba shi kaɗai ya ci ba, ko da yake gyaran da aka yi a tsaron baya na gaske ne. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu suka ci wasanni 16 a jere, saura ɗaya su kamo tarihin Pittsburgh na 17. Sun gama da maki 104. McDavid ya taimaka an zura 100 cikin makinsa 132 (makin ɗan wasa shi ne jimillar abin da ya zura da wanda ya taimaka aka zura), Zach Hyman ya zura 54, Skinner ya koma tare 90.5 cikin 100. Suka kai zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, kofin gasar, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukarsa; Florida ta ci uku na farko, suka rama uku, sannan suka faɗi da ci 2 da 1 a na bakwai.

Abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Winnipeg ta ci 15 cikin wasanni 16 na farko a kaka mai bi, ta gama a saman tebur, amma Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu.

Roƙona, Malam Edita, idan za a kawo rahoton farkon kaka, a haɗa da yawan harin da ƙungiya ta kai da wanda aka kai mata, da kason da gola ya tare, da sunayen masu jinya. A kuma faɗi yadda take cin moriyar minti biyun da ake fitar da ɗan wasan abokan hamayya don hukunci, da yadda take kare kanta idan nata aka fitar. Hukunci kuwa a jinkirta shi har a buga wasanni 20 zuwa 25.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafin wasanninku