Baƙin Taɓon da Muke Cikewa da Ƙasa a Bakin Teku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan abin da mu mazauna Accra muke toshe hanci idan mun wuce shi, wato baƙin taɓon da ke kwance a fadamun bakin teku.

Masana sun tabbatar da cewa teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ita ce ke ɗumama duniya. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suna zuƙar wani kaso nata, idan sun mutu su nutse, sai dai akasarinsu a hanya suke ruɓewa, abin da ke binnuwa a ƙasan teku bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A bakin gaɓa kuwa abin ya sha bamban. Kwanakin baya na je Tsokomey, inda kogin Densu ke shiga teku, na taka cikin itatuwan mangurob masu saiwoyi a waje, ƙafata ta nutse har gwiwa, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Wannan warin shaida ce cewa iskar oksijin ba ta ratsa taɓon, shi ya sa ganye da saiwar da suka binnu a ciki kan yi ɗaruruwan shekaru ba su gama ruɓewa ba, kabon ɗinsu yana nan a kulle. Ranar da aka sare itatuwan, aka janye ruwan, aka tone taɓon ya sha iska, ajiyar sai ta fara komawa sama.

Tun 1992 aka sanya fadamar bakin kogin Densu da tafkin Sakumo da ke gefen unguwar Sakumono cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kiyaye fadamu, ta kare, amma duk wanda ya bi ta Sakumono ya ga tifa-tifa na juye ƙasa, gidaje na tashi inda ruwa ke kwana. Ba na cire mutanenmu na zango daga laifin, domin arhar fili na ruɗar mu, kamar mun manta da ambaliyar 3 ga Yunin 2015.

Ina kira ga sarakunan zango da limamanmu su riƙa faɗakar da jama'a cewa kafin mutum ya biya kuɗin fili a Tetegu da ke gefen Densu ko Sakumono, ya je ya gan shi da idonsa a watan Yuni, bayan an ɗauke ruwan sama.

Wassalam,
Mai karatunku daga Nima, Accra