Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Haihuwa na Asibitin Unguwarmu a Garwa

Assalamu alaikum. Zuwa ga mai girma Lawan, limamai, iyayenmu mata, da 'yan uwa mazauna Yawunde da Duwala da Njamaina waɗanda suka riƙa aiko da gudummawa ta waya. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, mun miƙa makullai ga shugaban asibiti, ga kuma bayanin yadda aka yi.

Kowa ya san halin da ɗakin yake ciki. Kwano ya yi tsatsa, da damina sai an tara roba kusa da gadon haihuwa. In aka ɗauke wuta da dare, ungozoma kan cije wayarta da haƙora ta haska, domin hannuwanta biyu suna kan aiki. Ruwa kuwa sai dangin mai naƙuda sun sayo a jarka.

Gaskiyar magana, mu mazan kwamiti tunaninmu bai wuce sabon kwano da fenti da ƙatuwar ƙofar ƙarfe ba. A zama na biyu ungozoma ta saurare mu har muka gama, sannan ta dubi shugabanmu ta ce, "Alhaji, fenti ba ya tsayar da jini." Ta buɗe kabad ta nuna mana allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke. Allurar tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a Garwa zafin Maris da Afrilu yakan haura 40. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu jego a duniya, kuma binciken lafiyar al'umma na Kamaru na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Daga ranar muka soke ƙofar ƙarfe, kuɗinta ya koma kan faifan sola da batura da firji.

An sauya kwanon gaba ɗaya, an yi silin. Siminti na Figil muka saya, yashi kuma matasan unguwa ne suka ɗebo daga gaɓar Binuwai da rani, ba su karɓi ko dala ba sai kunun da mata suka riƙa damawa. An kafa tanki a kan hasumiya, an ja famfo biyu zuwa ciki, ɗaya na wanke hannu ɗaya na wanke kayan aiki. An yi ban ɗaki da makewayi na mata su kaɗai.

A daɓen ne muka yi asara. Maginin farko ya karkatar da shi ba ta wajen magudana ba, da aka zuba bokitin gwaji sai ruwa ya taru ƙarƙashin gado ya zauna. Dole aka fasa, aka kira wani. Laifinmu ne ma, don babu ɗan kwamiti ko ɗaya a wurin ranar da aka zuba kankare. An rubuta wannan asara a littafin kuɗi da sunanta, ba mu ɓoye ta cikin wani layi ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu bai ci kuɗi sosai ba, shi ne ƙofa. Tsohuwar ƙofar tana kallon titin kasuwa, daidai inda masu babur ke zama. Mu ba mu taɓa ɗaukar wannan matsala ba, sai da Hajiya, wakiliyar mata a kwamiti, ta faɗa mana a fili cewa yarinya mai cikin fari gara ta haihu a ɗakin uwarta da ta ratsa gaban mazan nan tana naƙuda. Kunya ce, kuma mun san ta a gidajenmu, amma ba mu haɗa ta da gini ba. An toshe ƙofar, an buɗe wata ta baya, an kewaye da katanga mai tsawo da rumfa inda kakanni za su zauna su hura wutar ruwan zafi. Wasu sun ce ɓarnar bulo ce. Mu dai mun ga mata na shigowa awo ta can da rana tsaka, abin da da ba sa yi.

Haka batun mabiyiya. An gina rami mai murfi kamar yadda ma'aikatan lafiya suka nema, amma tsofaffi suka ce su a gida suke binnewa. Aka zauna da liman da ungozoma, aka tsaya kan cewa wadda danginta ke so za a naɗe musu da kyau su tafi da ita.

Mun ƙara ƙaramin ɗaki mai gadaje huɗu, kowane da gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar mace da jaririnta a asibiti aƙalla awa 24 bayan haihuwa, saboda a ranar farko ne jini kan ɓalle, jariri kuma kan yi sanyi ko ya kasa kama nono. Da can babu inda za su kwanta, shi ya sa ake sallamarsu da wuri. A nan ne kuma za a riƙa koya wa uwar bakwaini ta ɗaura ɗanta a ƙirji, fata da fata.

Muna tuna wa magidanta takardar lafiyar masu ciki, wadda aka fara a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa a 2015 kan sefa 6,000. Tana ɗaukar awo da haihuwa da tiyata in ta kama, har kwana 42 bayan haihuwa. Awo takwas ake so tun shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2016, kada a jira ƙafa ta kumbura.

Abin da ba mu iya ba shi ne abin hawa. Ba a tiyata a nan, ba a ƙarin jini, wadda naƙuda ta gagara ko jijjiga ta kama sai babban asibitin jiha. Kafin a samu mafita, masu a-daidaita-sahu biyu sun amince a kira su ko tsakar dare, an liƙa lambobinsu a bangon ɗakin.

Littafin kuɗi da rasitai suna hannun ma'aji, an kuma liƙa kwafi a ƙofar masallacin Juma'a. Ragowar kuɗin an ajiye shi don sauya batura. Ana neman matasa biyu da za su riƙa share faifan sola duk Asabar idan hazo ya sauka, mai so ya ba sakatare sunansa bayan sallar La'asar.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran mambobi