Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Mata, Katsina

'Yan'uwa mata cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kan maganarmu na bana daga Irmiya sura 18 muka ɗauko shi, inda tukunya ta lalace a hannun magini, bai zubar da yumɓun ba, ya sake gina wata yadda ya ga dama. Da shi muka buɗe shekara cikin addu'a da azumi.

Yawancin ƙarfinmu ya tafi ne wajen matan da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana. Ba mu tambayi addinin kowa ba kafin mu auna mata masara. A cikinsu akwai wata 'yar'uwarmu da aka kashe mijinta a gona. Watanni ta yi tana zuwa sujada, ta zauna a bencin baya, ba waƙa, ba magana. Ba mu dame ta da wa'azi ba. Mama shugaba ta sa ta a adashi, aka haɗa mata kasko da mai da wake, wasunmu kuma suka riƙa zuwa su zauna da ita kawai. Yanzu tana tuyar ƙosai da safe, ranar godiyar kaka kuwa ita ta buga mana tulu lokacin waƙa. Kasko dai namu ne, amma wanda ya buɗe mata baki Ubangiji ne.

Mun kai sabulu da zannuwa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga, inda 'yan mishan suka yi jinyar kutare a da. Mun kuma ziyarci gidan gyaran hali gab da Kirsimeti.

Batun 'ya'yanmu masu shaye-shaye shi ya fi mana nauyi. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da sholisho suna nan a lungu. Iyaye mata suna haɗuwa addu'a a kansu. Wasu yaran sun tuba sun kama sana'a, wasu sun tuba sun koma. Ba mu cire sunan kowa daga takardar addu'a ba, kuma muna roƙo a daina tsegumin uwayensu a bakin majami'a.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya rage mana ziyarar ƙauyuka. Ma'aji za ta karanta lissafin baiko bayan wannan. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, a daure a gan ta kafin a tashi.

Magatakardar Zumunta