A kwashe shara daga kogi bayan ambaliya, amma a bar wa kogin abinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan gardamar da ke tashi duk lokacin da ruwan ambaliya ya janye: shin kuɗin da ake narkarwa wajen kwashe tarkace daga koguna yana biyan buƙata, ko kuwa gyaran ma wata ɓarna ce ta biyu? Ni dai a ganina ɓangarorin biyu suna ta cacar baki ne saboda sun haɗa abubuwa biyu mabambanta sun kira su da suna ɗaya. Motar da ruwa ya jefa cikin kogi, da firji, da tankin mai, da leda, shara ce. Kututturen bishiya da tsakuwa da rairayi kuwa kayan kogi ne, tun kafin a gina gari a gaɓarsa yake ɗauke da su.

Masu cewa a kwashe komai ba sakarkaru ba ne, kuma ban ga dalilin da masana za su riƙa yi musu kallon jahilai ba. A watan Yulin 2021, lokacin da kogin Ahr na Jamus ya yi ambaliya ya kashe mutum fiye da 130 a kwarinsa, itatuwa da motoci ne suka riƙa toshe bakin gadoji, ruwa ya taru a baya, gadar ta karye, sannan ya afka wa garin da ke gaba da ƙarfin da ya fi na farko. A Balensiya ta ƙasar Sifen, cikin Oktoban 2024, an rasa rayuka sama da 220, motoci fiye da dubu 100 suka lalace, wasu da mai da batir a jikinsu. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, in ya ce a kawo katafila gobe da safe, ba za a ga laifinsa ba. Irin wannan tarkace, da duk gungumen da ya tsaya a gaban gada ko kwalbati ko bututun ruwan sha, dole a cire shi, ko nawa zai ci.

Matsalar tana farawa ne bayan an gama wannan, injina suna nan a wurin, kuɗin agajin gaggawa bai ƙare ba. Sai a nausa cikin kogin kilomita bayan kilomita, a tumɓuke itatuwa har da masu rai, a kwashe tsakuwa, a miƙar da lanƙwasa, a bar shi sumul kamar magudanar siminti. Ido yana ganin tsafta, amma ruwa ba ya aiki da ido. Kututture da duwatsu da lanƙwasa su ne ke rage masa gudu. In aka raba shi da su, sai ya ƙara sauri, ya ci gaɓa, ya haƙe gindin gada, ya isa garin da ke ƙasa da wuri kuma a dunƙule. Wato an ɗauke ambaliyar daga ƙofar wani an kai ta ƙofar maƙwabcinsa, kuma da kuɗin harajin su biyun.

An sha gwada wannan, ba hasashe nake yi ba. A Ostireliya an shafe shekaru masu yawa, tun daga ƙarni na 19, ana cire kututturai daga kogin Murray saboda jiragen ruwa su wuce, miliyoyi aka fitar. Kifin da ke fakewa yana hayayyafa a jikinsu ya ragu ƙwarai, yanzu kuma gwamnati ke biyan kuɗi a mayar da itatuwa cikin kogin. Haka aka yi a arewa maso yammacin Amurka saboda kifin salmon. An biya an cire, an kuma biya an mayar. A jihar Vermont ta Amurka, bayan guguwar Irene ta 2011, binciken hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ya nuna cewa aikin injina na gaggawa ya lalata mazaunin kifi a tsawon sama da kilomita 100 na rafuka. Bayan guguwar Helene ta 2024 ma, masu kare muhalli a jihar North Carolina ta Amurka sun yi ta kuka cewa manyan injinan ’yan kwangila suna tafiya a tsakiyar koguna suna murƙushe ƙumba da sauran halittun da suka tsira daga ambaliyar kanta. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sai batun yashe kogi, wanda ’yan siyasa suka fi so domin ana iya ɗaukar hotonsa. A yankin Somerset na Ingila, bayan ambaliyar 2013 zuwa 2014, an yashe kilomita 8 na kogunan Parrett da Tone a kan kusan fam miliyan 6. Ya taimaka wajen saurin janyewar ruwa a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ban musa ba. Sai dai laka ba ta jin umarnin minista, tana dawowa, dole a ci gaba da yashewa ana biya. Kuma ruwan babbar ambaliya ya ninka abin da cikin kogi zai iya ɗauka sau da yawa, don haka ƙara masa zurfin mita ɗaya ba zai hana shi hawa fadama ba. Mutanen Holan, waɗanda ba wanda zai koya musu zama da ruwa, sun kashe sama da Yuro biliyan 2 a wurare fiye da 30 suna ja da ganuwar ruwa baya don kogi ya sami inda zai baje.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne yadda ake rubuta kwangilar. A wurare da yawa ana biyan ɗan kwangila ne gwargwadon yawan abin da ya kwaso, tan nawa, tifa nawa. To wane ɗan kasuwa ne zai ga ƙaton kututture mai nauyi ya wuce shi, ya tafi tsintar leda da robobi da suka maƙale a rassa, waɗanda ba su da nauyi amma su ne ainihin gubar? Ba sai mutum ya zama mugu ba, tsarin biyan ne ke tura shi. In kuma tsakuwa da rairayin da aka kwaso suna da kasuwa a wajen masu gini, kun ga an sami dalili na biyu na zurfafa haƙa.

Saboda haka ina roƙon wakilanku, idan wata hukuma ta sanar da kuɗin share kogi, kada su tsaya a kan adadin kawai. Su tambaya: wa ya bi kogin da ƙafa ya sa alama a kan abin da za a cire da abin da za a bari kafin injin ya shiga? Akwai masanin ruwa da na kifi a cikin masu duba aikin, ko ɗan kwangila ne ke duba kansa? Ina za a zubar da lakar da ta haɗu da mai da ruwan masai? Kuma a je a ji ta bakin mutanen garin da ke ƙasa da inda ake aikin, domin su ne ruwan zai tarar a damina mai zuwa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu